Kawu Ya Kawo Miliyan 15 Mu Ƙaro Motocin Abinci, Inna Ta Ce A'a

Anti, barka da war haka. Ni Bakatsiniya ce, shekarata 27. Bayan rasuwar mahaifinmu shekara huɗu da suka wuce, muka ɗauki kuɗin sallamarsa na aiki muka sayi tsohuwar Hiace, aka cire kujerun, aka yanka mata taga a gefe. Inna ke girki a gida tun asuba, Yayana ke tuƙi da zuba abinci, ni ke riƙe kuɗi da shafinmu na Instagram, ƙanwata na karɓar oda ta WhatsApp. Dambun shinkafa, dafa-duka da ɗanwake muke sayarwa, wasu ranaku a wajen jami'a, wasu kusa da sakatariya. Mukan sayar da roba 80 a rana, kowace naira 1,500. In an cire cefane da gas da man mota, akan samu ragowar kamar dubu 30. Yanzu Kawu, ƙanin Inna, ya ce zai zuba miliyan 15 a ƙaro mota uku, ɗaya a nan, ɗaya Daura, ɗaya Funtuwa, a ba shi rabin kasuwancin, ɗansa ya zama manaja. Ni burina ke nan, in ga sunanmu ya zama babban kamfani da kowa ya sani a Arewa. Inna ta ce ba ta yarda ba, kuma ta ƙi faɗin dalili. Yaya ya ce duk abin da aka yanke daidai ne. Kwana goma ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da Inna. Kawu ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ta yaya zan shawo kanta?

Ƙanwarki daga Ƙofar Marusa

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya yi wa nemanku albarka.

Dabarar shawo kan Inna kike nema, ni kuwa ba zan ba ki ita ba, don a ganina Inna ce da gaskiya, duk da ba ta yi miki bayani ba. Burinki ba shi da aibu. Mata huɗu ma ba ku cika ba, ku uku da namiji ɗaya, kun mayar da tsohuwar bas abin da ke ciyar da gida shekara huɗu, a cikin wannan tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wanda ya iya wannan yana da ikon ya yi mafarkin abin da ya fi haka. Tayin da ke gabanki ne nake wa kallon tsoro.

Akwai maganar da kika faɗa a gurguje kika wuce, ita ce kuɗin sallamar Baba. An raba gadon nan kafin a sayi motar? Yadda kika rubuta, ban ga alama ba. In kuwa ba a raba ba, motar nan dukiyar magada ce, kuma ba ki da ikon sayar da rabin abin da ba naki ke kaɗai ba. Idan Baba ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu, babu iyayensa a raye, babu wasu 'ya'yan a wani ɗaki, to in aka kasa dukiyar kashi 32, Inna na da tumuni, wato 4, Yayanku 14, ke 7, ƙanwarki 7. Ki kai wa malamin da ya san ilmin gado ko kotun shari'a su tabbatar muku, amma ki dubi lissafin da kyau. Matar da take tashi kafin kiran assalatu ta ɗora tukunya, wadda hannunta ne ya sa ake layi a jikin tagar nan, ita ce mai mafi ƙarancin kaso a motar. Yayan da ya ce duk abin da aka yanke daidai ne, shi ne mai kaso mafi tsoka. Yau ba ya magana. Ranar da ya yi aure, ko ya ƙara nauyi, zai yi, ko a yi a madadinsa. Ke ma in miji ya ɗauke ki zuwa Kano ko Kaduna, kasonki fa? Albashi za a ci gaba da ba ki, ko riba, ko Allah ya sa alheri?

Na san abin da ya hana ku zama a kan wannan. Kirarinmu ne: kunya gare ku ba dai tsoro ba. Ɗa ba ya iya kallon uwarsa ya ce nawa ne nawa. Ita wannan kunyar ce kuma, ina kyautata zato, ta rufe bakin Inna. Kawu ƙaninta ne, ciki ɗaya. Ta san shi tun yana yawo ba wando, ta san ɗan nasa da ake so a ɗora muku, ta san ko yaron na iya tashi da asuba ko sai rana ta take. Kara ba za ta bar ta ta zauna gaban 'ya'yanta ta kushe ɗan'uwanta ba. Sai ta ce a'a ta ja bakinta. Ke kin ɗauka tsoron ci gaba ne irin na tsofaffi. Wataƙila abin da ta sani ne ke ba ki sani ba.

To mu zo kan dubu 30 ɗin nan da kike kira ragowa. Ki ɗauko biro. In kuna fita kwana 24 a wata, dubu 720 ke nan. Yanzu ki biya kowa kamar bare ne kuka ɗauka aiki. Mai girki irin Inna, ki sa mata dubu 150, kuma kin yi mata rowa. Yaya, direba kuma mai zuba abinci, dubu 100. Ke dubu 100. Ƙanwarki ki ba ta mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024, dubu 70. An cire dubu 420, saura 300. Tsohuwar Hiace ba ta rasa ciwo, yau taya, gobe giya, jibi injin ya buga, ki ware mata dubu 80 duk wata. Kicin ɗin gidanku kyauta kuke girki a cikinsa, ruwa da wuta duk a cikin na gida suke shigewa, wanda zai girka abincin mota huɗu kuwa sai an kama haya, ki sa ko dubu 50. Abin da ya rage dubu 170. Lambobin albashin nawa ne, ki canza su yadda kika ga ya dace da garin, amma kada ki goge layin. Wannan ragowar ita ce ribar gaskiya, kuma ta wata mai kyau ce. Ba a sa watan azumi ba, da ba mai sayen dambu da tsakar rana. Ba a sa hutun ɗalibai ba. Kuna kan sana'ar nan lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kin fi ni sanin yadda bakin makarantu ya koma.

Abin da nake so ki gani shi ne, yawancin abin da kuke kira riba, ladan guminku ne da ba ku biyan kanku. Mota ta biyu ba ta da Inna ta biyu, ba ta da Yaya na biyu. Duk wanda zai hau ta sai an biya shi, kuma ba zai ji zafin roba ɗaya da ta ɓace ba yadda ku kuke ji.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ki riƙe. Ku matasa in an ce babban suna, fenti kuke hangowa, da tambari, da riguna iri ɗaya, da mabiya dubu hamsin a Instagram. Mai saye ba wannan ya dame shi ba. Shi dai in ya ba da kuɗinsa yau, ya samu dambun da ya ci makon jiya, ba ƙari ba ragi, ko wa ya girka. To ki amsa mini tsakaninki da Allah: ranar da Inna ta kwanta zazzaɓi, ko ta tafi biki Dutsin-Ma, ya kuke yi? In amsar ita ce motar ba ta fita, ko tana fita ana dawo muku da ƙorafi, to abin da kuke da shi hannun Inna ne. Hannu ɗaya kuwa ba ya rabuwa gida huɗu.

Na taɓa zama kwana uku a kicin ɗin wata Hajiya mai waina da nake yi wa lissafi, da ƙaramin sikeli da littafi. Duk abin da ta ɗebo, kafin ya shiga ƙullu sai in tare hannunta in ce ta zuba a kan sikeli. Ranar farko har ta yi fushi, ta ce ita ba a taɓa auna mata gishiri ba tun tana budurwa. Abin mamaki, gishirin da take ɗiba da yatsu kusan nauyi ɗaya yake bayarwa kullum, kamar inji. Amma yis da kanwa suna sauyawa, kuma ita kanta ba ta lura tana sauya su ba. Da na matsa, sai ta ce ai ranar da gari ya yi sanyi ƙullu ba ya saurin tashi, dole a ƙara. Shekara talatin tana yi, ba ta taɓa faɗa wa masu taya ta ba, don ba ta ɗauke shi ilmi ba. Shi ya sa duk ranar da ba ta nan a lokacin hunturu wainar ke fitowa kamar dutse. Irin wannan ne ke cikin kan Inna: tsawon turarar farko kafin a zuba zogale, yadda take gane tsakin shinkafa ya sha ruwa daidai, wurin wa take sayen kuka da garin rogon ɗanwake, me ya sa ba ta yarda da man kowa ba. Sai an fitar da shi an rubuta, da awo, da minti, an koya wa mutum biyu, an gwada su Inna na zaune a ɗaki ba ta leƙo ba. Ranar da tsohon kwastoma ya ci bai tambayi ko lafiya Hajiya take ba, ranar kuka samu abin da za a iya ninkawa.

Masu manyan sunayen da kike sha'awa ta nan suka bi. A birnin Niyok na Amurka akwai The Halal Guys. Wasu Misirawa uku ne suka fara da keken tura abinci a bakin titi a 1990, suka gane direbobin tasi Musulmi na neman abincin halal mai zafi, suka koma sayar da shinkafa da kaza. Ba su fara ba wasu hayar sunansu ba sai 2014. Shekara 24 suna tsaye a bakin titi da abinci kusan kala ɗaya. 'Yan'uwan nan biyu masu gidan abincin McDonald's na Amurka kuwa, a 1948 rufe shagonsu suka yi na ɗan lokaci, suka zaftare jerin abincin zuwa kala tara, suka tsara kicin yadda kowane yaro zai iya aikinsa ba sai gwani ba. Yaɗuwar daga baya ta zo. Ki kuma san ƙarshen labarin, don ya shafe ki: mutumin da ya shigo daga waje ya yaɗa sunan, Ray Kroc, shi ya saye su a 1961 a kan dala miliyan 2.7, da sunan gidansu da komai. A nan gida, gidan abincin Mr Bigg's ya buɗe a Marina ta Legas a 1986, ya kai rassa sama da ɗari, yawanci ta hanyar ba da hayar suna. Ki tambayi ƙanwarki ko ta taɓa cin abincinsu. Yawan rassa bai riƙe shi a inda yake ba.

Batun Daura da Funtuwa ba zan daɗe a kai ba. Daura kusan kilomita 80 ce daga nan, Funtuwa kusan 200. Ko dai a girka a can, wanda ke nufin sabon kicin da sabuwar mai girki da ba wanda ke ganinta, ko a ɗauki abinci daga nan a bi hanya da shi. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye sai in ana riƙe da zafinsa sama da digiri 60. Dambu mai zogale da mai, a rufe cikin kula, a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura 40, ki ƙarasa lissafin da kanki. Ɗalibai goma su yi gudawa rana ɗaya, ɗaya ya ɗora a Facebook, sunan da kuka gina shekara huɗu ya tafi, har da na motar Katsina da ba ta yi laifin komai ba.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Kafin komai ku zauna ku huɗu, da wani dattijo da Inna ke jin nauyinsa wanda ba Kawu ba, a fayyace gadon, a rubuta kason kowa, a yanka wa kowa albashi. A rubuce nake nufi, da sa hannu da shaidu. Duk wanda ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni kaina na taɓa haɗa jari da wata 'yar'uwata a kan amana, ba takarda. Kuɗin da muka yi asara bai kai na akuya biyu ba, amma shekara uku muka yi in mun haɗu a gidan suna kowa na duban wani gefe. A cikin kason nan kuma a ba girkin Inna daraja ta daban. Ƙarfen mota kowa na iya saye a Kano gobe.

Daga nan sai rajista. In abin da kuke da shi rajistar sunan kasuwanci ce kawai a hukumar CAC, ko ma ba ku da ita, ku yi ta kamfani mai hannun jari, don a nan ne ake rubuta wane na da kashi kaza, kuma bashin kamfani ba ya bin gidanku. Ki kuma sani rajistar CAC ba ita ce ke kare tambarinku ba. Wannan ofishi ne daban, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14. Ku yi ta da sunan kamfanin ku huɗu kafin wani baƙon kuɗi ya shigo. Asusun banki ma na kamfani, POS ɗin ya riƙa zubawa can, a daina tura kuɗin ciniki cikin asusunki, ko don kare mutuncinki ranar da za a fara tambaya. Takardun duba-gari da gwajin lafiyar masu taɓa abinci su zama a cikin motar kullum.

Girma kuma ba sai da taya huɗu ba. Kicin ɗin da ke girka roba 80 zai iya girka 150 in an ƙara tukunya da mutum ɗaya, kuma oda ba ta shan fetur kamar mota: abincin taron ofisoshi, walima, kamu, buɗa-baki da sahur a watan da motar ke zaune. Yajin ɗanwaken Inna, in har mutane na cewa a ƙara musu, ana iya ɗura shi a roba a sayar, sai dai duk abin da aka ƙulle aka manna wa suna sai da lambar NAFDAC. Shi yaji yana zuwa Daura da Funtuwa har Abuja bai lalace ba, ya kai sunanku inda dambu ba zai iya zuwa ba. In kun yi wata shida kuna rubuta shiga da fita kullum, girki ya tsaya ba Inna, sai a yi mota ta biyu, a cikin garin nan, inda Yaya zai iya isa da babur cikin minti ashirin in an ce gas ya ƙare. Wajen asibitin koyarwa, ko Ƙofar Ƙaura, ko bakin Babbar Kasuwa, ku kuka san inda ake tambayarku.

Kawu kuwa kada a wulaƙanta shi. Mutumin da ya ga sana'ar 'ya'yan yayarsa ya ce zai sa miliyan 15 ya yaba ne, kuma wataƙila da zuciya ɗaya. Amma ki raba tayinsa gida uku ki duba: kuɗi, rabin kasuwanci, da kujerar ɗansa. Na farkon kawai kuke buƙata, shi ma ba duka ba, ba kuma yanzu ba. In lokacin mota ta biyu ya yi, a ce masa ya shigo a kan wannan motar kaɗai. Ya kawo jari, ku kawo aiki da suna, a raba ribarta bisa kason da aka amince, na shekarun da aka ƙayyade, da sharaɗin kuna iya mayar masa da jarinsa ku mallake ta. Wannan ya yi kama da ƙiradi da malamanmu suka sani tun da, wanda bankuna irin su Jaiz ke kira mudaraba, kuma a cikinsa in an yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi ta wahalarsa. A faɗa masa wannan tun farko, a gaban shaidu. Suna da girki ba sa cikin ciniki. Ɗansa in yana son aiki, bismilla, ya fara da wanke kula da zuba abinci wata uku kamar kowa. Yadda Kawu ya karɓi wannan maganar zai nuna miki abin da ya kawo shi. Wa'adin ƙarshen wata kuma kada ya tayar miki da hankali. Za a ce miki a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kuɗin da ba zai iya jiran wata shida a gyara takardu ba, ranar da ciniki ya yi sanyi ma ba zai jira ba.

Saura ke da Inna, kuma kwana goman nan sun isa haka. Kada ki je mata da lissafin da na yi miki, kada ki je da labarin Amurka. Gobe ki riga ta shiga kicin, ki wanke zogalen, ki jiƙa tsakin. In ta shigo ki gaishe ta, ki ce, "Inna, na bar maganar Kawu. Dambun nan nake so ki koya mini da kanki, yadda ko ba kya nan zan yi shi." Sikelin ki bar shi a jaka sai kwana na uku ko na huɗu, in kin ga fuskarta ta saki. Dalilin da ta ƙi faɗa miki a falo, ina sa ran za ki ji shi a bakin murhu, wajen turara ta biyu. In kin ji, ki sake rubuto mini, ki haɗo da lissafin wata ɗaya cikakke, har da kuɗin leda da cokali.